Tambaya: Shin za a iya binne iskar kabon a ƙarƙashin ƙasar Nijar ba tare da an taɓa ruwan sha ba?

Ɗalibin Ɗan Dikko ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta nan Maraɗi, kuma a karatunmu na wannan zangon mun iso wani batu da ya tsaya mini a rai, wato yadda kamfanonin mai da gas suke kama iskar kabon, wadda ake rubutawa CO2, su matse ta, su tura ta cikin ƙasa ta rijiyoyi masu zurfi maimakon su sake ta sama ta ƙara ɗumamar yanayi. An nuna mana zane, an ce ana yin haka a Norwe tun shekarar 1996, amma zanen bai gamsar da ni ba.

Abin da nake so in fahimta shi ne inda iskar take zama idan ta isa can ƙasa, da abin da yake hana ta dawowa. Na karanta labarin tafkin Nyos na Kamaru, inda wannan iskar ta taso a daren 21 ga Agusta 1986 ta kashe mutane fiye da 1,700 da dabbobi dubbai, shi ya sa maganar tara ta da gangan a wuri ɗaya take tayar mini da hankali. Sannan kuma ƙasarmu yanzu tana cikin masu haƙar mai: filin mai na Agadem yana aiki tun 2011, ga matatar SORAZ a Damagaram, ga bututun da ya kai ɗanyen mai har Seme ta ƙasar Benin. Idan wata rana aka zo mana da wannan dabara, shin ƙasarmu za ta iya riƙe iskar, kuma yaya makomar ruwan da muke sha daga rijiyoyin burtsatse? Ina roƙon waɗanda suka san aikin su yi mini bayani dalla-dalla.

Malamin Ilimin Ƙasa ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayarka ta yi kyau, kuma abin da ya kamata ka fara cirewa daga ranka shi ne kogo, domin babu wani rami ko ɗaki a can ƙasa da ake cikawa da iska. Idan ka je Gulbin Maraɗi da rani ka tona yashi da hannu, ruwan da yake taruwa a ramin a tsakanin ƙwayoyin yashin yake zaune. Haka dutsen yashi yake a ƙarƙashin ƙasa, da tauri a hannu amma cike da ƙananan kafofi, waɗanda ruwan zartsi ko mai ko gas suka cika tun shekaru miliyoyi. Cikin waɗannan kafofin ake tura iskar, ta ture ruwan zartsin gefe ta zauna a gurbinsa.

Zurfin yana da dalili. Idan zafi ya wuce digiri 31, matsi kuma ya kai kusan ninki 73 na matsin iskar da muke shaƙa, CO2 tana shiga wani hali da take da nauyi kusan na ruwa amma tana ratsa kafofi cikin sauƙi, girmanta kuma ya ragu sau ɗaruruwa. Wannan hali ana samunsa daga wajen mita 800 zuwa ƙasa, shi ya sa ba a ajiye ta a sama da haka. Duk da wannan nauyin, ba ta kai ruwan zartsi ba, saboda haka kullum neman sama take yi, kuma abin da yake tare ta shi ne wani shimfiɗaɗɗen dutsen laka ko na gishiri da ba ya barin komai ya wuce, wanda ake ɗauka a matsayin murfi. Aikin gaba ɗaya ya rataya ne a kan wannan murfin a shekarun farko. Daga baya wasu abubuwa suna taya shi: wani kaso na iskar yana maƙalewa a cikin kafofin ɗigo-ɗigo yadda ba ya iya motsi, wani kaso yana narkewa a cikin ruwan zartsin, ruwan ya ƙara nauyi ya nutse ƙasa, wani kuma a hankali yana haɗuwa da sinadaran dutse ya zama dutse. A dutsen yashi wannan mataki na ƙarshe yana cin ɗaruruwa ko dubban shekaru, amma a ƙasar Aisland, inda aikin CarbFix ya tura iskar narke cikin ruwa zuwa baƙin dutsen aman wuta, an gano fiye da kashi 95 cikin 100 ta zama dutse cikin shekara biyu.

Game da Nyos, tsoronka yana da tushe, sai dai yanayin ya bambanta. Tafki ne a bakin tsohon dutsen aman wuta, iskar ta taru narke a ruwan ƙasan tafkin, ba abin da ya danne ta sai nauyin ruwan sama, da ruwan ya motsa sai ta fito gaba ɗaya a dare guda, ta bi kwari saboda ta fi iskar shaƙa nauyi. Iskar da ta watsu cikin kafofin dutse a zurfin kilomita ɗaya ko biyu ba ta da hanyar fitowa lokaci ɗaya irin haka. Idan za ta tsere, a hankali take yi, ta tsagar dutse ko ta tsohuwar rijiya.

Aikin Norwe da aka ambata muku shi ne Sleipner, a Tekun Arewa. Gas ɗin filin yana ɗauke da CO2 kusan kashi 9 cikin 100, masu saye kuma ba sa karɓar fiye da kashi 2.5, don haka dole a cire ta ko ana so ko ba a so. Gwamnatin Norwe ta sa haraji a kan sakin iskar tun 1991, sai kamfanin Statoil, wanda yanzu ake kira Equinor, ya ga binnewa ta fi biyan harajin araha, ya riƙa tura ta cikin dutsen yashi na Utsira, aikin da aka tsara shi a kan kusan tan miliyan 1 a shekara. Hotunan ƙarƙashin ƙasa da ake ɗauka ta hanyar tura amo cikin dutse a saurari dawowarsa sun nuna iskar ta shimfiɗu hawa tara a ƙarƙashin siraran yadudduka na laka, ba ta kuma ƙetare babban murfin ba.

Amma misalin da ya fi kusa da mu shi ne In Salah ta Aljeriya, cikin Sahara ɗinmu ɗaya. Daga 2004 zuwa 2011 kamfanonin BP da Sonatrach da Statoil sun tura kusan tan miliyan 3.8 a filin Krechba, a zurfin wajen mita 1,800, cikin wani dutse mai kaurin mita 20 kawai wanda ba ya shan iska da sauƙi. Matsi ya hau, har tauraron ɗan Adam ya riƙa auna yadda doron ƙasa yake kumbura 'yan milimitoci kowace shekara a saman rijiyoyin, alamu kuma suka nuna ƙasan murfin ya fara tsagewa. Aka dakatar da aikin a 2011. Iskar ba ta kai ruwan sha ba, domin akwai laka mai kaurin kusan mita 900 a tsakani, amma ka lura da abin da ya sa aka tsaya a kan lokaci: akwai masu auna wurin, kuma an saurare su.

'Yar Tibiri ta amsa:

Malam, Allah ya ƙara basira, na ƙaru da bayaninka ƙwarai. Ni aikina a fannin ruwa da tsafta yake, kuma ɓangaren tambayar wannan yaron da ya fi damuna shi ne na ruwa, domin mu mutanen Tibiri ba labari aka ba mu ba. Rijiyar burtsatse mai zurfi da aka haƙa wa garin a shekarun 1980 ta fito da ruwa garau, ba launi ba wari, amma yana ɗauke da sinadarin fulorayid fiye da ƙima, aka yi shekaru ana sha kafin a gane, yara da yawa haƙoransu suka rine, ƙasusuwansu suka lanƙwashe, wasunsu yau manya ne suna tafe da nakasar. Ba wanda ya zuba guba a ruwan. Daga dutsen ƙasa abin ya fito, abin da aka rasa kawai shi ne awo a kan kari.

Dalilin da ya sa na kawo wannan shi ne, CO2 idan ta narke a ruwa tana mai da shi mai ɗan tsami, ruwa mai tsami kuma yana iya narkar da ƙarafa da sinadaran da suke kwance a jikin dutse ya kawo su bakin famfo. Ko iskar ba ta tsere ba, matsin da aka ƙara yana iya tura ruwan zartsi sama ya shiga ruwan daɗi. A ƙasashen da ake wannan aiki yawanci ana ɗauka cewa ruwan da ke can ƙasa sosai zartsi ne, ba mai bukatarsa. Mu kuwa a kwarin Illumidan, wanda ya ɗauki Tawa da Dosso da yawancin Maraɗi, akwai wuraren da ruwan daɗi yake kwance a zurfin ɗaruruwan mitoci, kuma shi ne ajiyar da garuruwa suke komawa gare shi idan rijiyoyin sama suka ƙafe. Dutsen yashin da injiniya zai kalla ya ce ya dace da ajiyar iska, mai yiwuwa shi ne ruwan shan jikokinmu. Saboda haka a ganina, kafin a buga ko da rijiyar gwaji ɗaya a ko'ina cikin ƙasar nan, wajibi ne a auna ruwan yankin a rubuta yadda yake tun kafin a fara, a ajiye sakamakon a hannun hukumar da ba ta cin albashi daga kamfanin, a kuma karanta shi ga mutanen ƙauyukan da harshen da suke ji.

Tsohon Mahaƙi ya amsa:

Hajiya, kin taɓo inda ciwon yake. Ni ba malami ba ne, na yi shekaru ne a kan injin haƙar rijiyoyin mai kafin ƙarfi ya ragu in dawo gida, kuma abin da zan ƙara shi ne, murfin da Malam ya yi bayani Allah ne ya shimfiɗa shi ba ɓaraka, mu ne muke huda shi. Kowace rijiya da aka taɓa haƙawa a filin mai ta ratsa wannan murfin daga sama har ƙasa.

Bari in faɗi yadda ake rufe ta. Bayan an haƙa, ana zura bututun ƙarfe, sannan a tura siminti ta cikinsa ya fita ta ƙasa ya hawo ta baya, ya cika ratar da ke tsakanin ƙarfe da bangon dutse, ratar da sau da yawa ba ta wuce faɗin yatsu biyu ba. Idan bututun ya jingina gefe ɗaya, ko lakar haƙa ba ta wanku ba, simintin yakan bar wata siririyar hanya mai tsawon mitoci da yawa. Akwai na'urar da ake saukarwa ta buga amo a jikin ƙarfen don a ji inda siminti ya kama da inda bai kama ba, kuma na sha gani da idona a ce lokaci ya ƙure, a duba takardar sama-sama a wuce, domin kowace rana da injin ya tsaya kuɗi ne masu yawa. Na taɓa tsayawa kan wata rijiya da aka rufe shekaru da suka wuce, muka zuba ruwan sabulu a kan mahaɗar ƙarfen, sai ga kumfa tana tashi a hankali. Wannan gas ne na yau da kullum. CO2 kuwa idan ta haɗu da ruwa tana cin ƙarfe, tana kuma sauya siminti. A In Salah ɗin da Malam ya kawo, ɗan yoyon da aka gano a 2007 ta wata tsohuwar rijiyar bincike ya fito, wadda aka haƙa tun kafin a yi tunanin aikin, aka zo aka toshe ta.

Sannan ƙasa ba ta cika bin lissafin takarda ba. A Snøhvit ta Norwe an fara turawa a 2008, matsi ya hau da sauri fiye da zato, dole a 2011 aka koma wani dutsen dabam. A Gorgon ta Ostareliya, aikin kamfanin Chevron da aka tsara zai kai tan miliyan 4 a shekara, an fara a makare a 2019, yashi kuma ya riƙa toshe rijiyoyin da ake zuƙe ruwa don rage matsi, har aikin ya kasa kusantar abin da aka yi alkawari. Waɗannan fa su ne masu kuɗi da ƙwararru. Bututun da ke kai iskar ma abin lura ne: a watan Fabrairu 2020 wani ya fashe kusa da ƙauyen Satartia a jihar Misisipi ta Amurka, mutane fiye da 40 suka je asibiti neman magani, motoci suka riƙa mutuwa a hanya saboda injin bai samu iskar da zai ƙona mai ba.

Tambayar da nake so ɗalibinmu ya riƙe ita ce wa zai tsare wurin bayan kamfani ya tattara kayansa. Dokar Tarayyar Turai ta 2009 ta ce sai an yi aƙalla shekara 20 bayan rufewa kafin gwamnati ta karɓi nauyin, a Amurka kuma ƙa'idar ita ce a ci gaba da sa ido har shekara 50. Filin mai yakan ƙare cikin shekara talatin ko arba'in, iskar kuwa ana so ta zauna dubbai. Idan ba a ware kuɗin awo da na gyara tun ranar da aka sa hannu a yarjejeniya ba, baitulmalin ƙasa ne zai gaji rijiyoyin.

Ɗalibin Ɗan Dikko ya sake rubutawa:

Na gode, Baba, na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Malam, idan na fahimta daidai, dabarar tana aiki inda dutsen ya dace kuma aka sa ido. To saura ɓangaren Nijar: a ina ne dutsenmu ya dace, kuma idan aka yi a Agadem ko a matatar Damagaram, shin zai rage iskar da man namu yake jawowa ta yadda za a ji a jiki?

Malamin Ilimin Ƙasa ya amsa:

Ƙanena, a kudancin Maraɗi, wajen Ɗan Isa da bakin iyaka, maganar ma ba ta taso ba, domin tsohon dutse mai tauri na asalin ƙasa yana kusa da sama, ba shi da kafofin da za su karɓi komai. Idan ka yi arewa da yamma shimfiɗar duwatsun yashi da laka tana ƙara kauri, amma nan ne gargaɗin Hajiya yake da ƙarfi. Wurin da ya fi kama da abin da ake nema shi ne kwarin Termit, inda Agadem take, mai shimfiɗaɗɗun duwatsu na kaurin kilomitoci da dama, kuma kasancewar mai ya zauna a can shekaru miliyoyi shaida ce cewa akwai murfin da yake riƙewa. Nan ne kuma rijiyoyin da Baba ya yi magana a kansu suka fi yawa.

Game da ko za a ji a jiki, mu yi lissafi. Gangar ɗanyen mai ɗaya idan aka ƙona ta tana fitar da kusan kilo 430 na CO2. Matatar SORAZ an gina ta ne a kan ganga 20,000 a rana, wato man da take iya tacewa idan ya ƙone zai ba da wajen tan 8,600 a rana, fiye da tan miliyan 3 a shekara. Ke nan duk abin da In Salah ta binne cikin shekara bakwai bai wuce hayaƙin wata goma sha biyar na wannan man ba. Kuma wannan hayaƙin daga salansar motoci da babura da janareta yake fita, inda ba wanda zai iya kama shi. Abin da za a iya kamawa a matata ko a filin haƙa ɗan kaso ne kawai. A duniya ma haka abin yake: a shekarar 2024 duk ayyukan kama iskar da ke gudana ƙarfinsu bai wuce wajen tan miliyan 50 a shekara ba, alhali abin da aka fitar daga mai da gas da gawayi da masana'antu ya kai wajen tan biliyan 37.

Akwai kuma abin da ya kamata ka sani idan ka ji kamfani yana tallan wannan aiki. Mafi yawan iskar da ake kamawa a yau ana tura ta ne cikin tsofaffin filayen mai domin ta saki man da ya maƙale ta koro shi waje, dabarar da aka fara da girma a filin SACROC na Teksas tun 1972, aka kuma yi a Weyburn ta Kanada daga 2000. Iskar da yawa tana zama a ƙasa, gaskiya ne, amma manufar ita ce ƙarin ganguna, waɗanda su ma za a ƙona. Ni ban ɗauki wannan a matsayin zamba ba, sai dai ina so a riƙa kiransa da sunansa, a kuma yi lissafin gangunan tare da tan-tan ɗin da aka binne.

Inda nake ganin dabarar tana da amfani na gaske shi ne wurin da iskar take fitowa kusan zalla, kamar wajen tace gas, inda kamata yake da araha, da kuma masana'antu irin na siminti, inda take fitowa daga jikin farar ƙasar kanta ko da wane makamashi aka yi amfani. Ɗan Nijar ɗaya abin da yake fitarwa a shekara bai wuce wajen kilo 100 ba, saboda haka idan har za a yi wannan aiki a Termit, masu haƙar man ne ya kamata su biya, daga kuɗin rijiyar farko har zuwa na awon da za a ci gaba da yi bayan sun tafi. Tunda karatunka ke nan, ka nemi rahoton musamman da kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi ya fitar a 2005 a kan wannan batu, ka karanta babin ajiya a cikin dutse, sannan ka nemi taswirar ruwan ƙarƙashin ƙasa ta kwarin Illumidan da ta gabashin ƙasar, ka kwatanta zurfin da ruwan daɗi yake kaiwa a kowane yanki da mita 800 ɗin da na faɗa maka.